Bin Sawun Zare Daga Kakuri Zuwa Lankasha

Sunan ɗan ƙanwata ne ya kai ni Manchesta a watan Oktoba. Da taro ya watse, baƙin Landan suka kama hanya, sai mai jego ta zauna tana lissafa mini wuraren da ake kai baƙo: filin ƙwallon Old Trafford, manyan kantuna, da sauransu. Na bari ta gama, sannan na ce mata ni wani ɗan gari nake son gani, sunansa Rawtenstall.

"Yaya, shekarata bakwai a ƙasar nan ban taɓa jin wanda ya ce zai je can buɗe ido ba. Me aka ajiye maka a can?"

Na ce mata ai daga can aka kawo masaƙar farko ta Kaduna. Sai ta yi shiru. Ita ma 'yar Kakuri ce. Jiniyar canjin aiki ce agogonmu muna yara, da ita Inna ke ɗora tukunya, da ita muke sanin Baba ya kusa shigowa da farar ƙurar auduga a gira.

Abin da na sani kafin in tafi bai fi cikin cokali ba. Gwamnatin Jihar Arewa a zamanin Sardauna ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead & Sons aka kafa Kaduna Textiles, wadda ta fara fitar da akoko a 1957. Bayanta ne su Nortex da Arewa da UNTL suka biyo, Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan. Baba ba a ta farkon ya yi aiki ba, a ɗaya daga cikin na baya ne, shekara 24 yana tsaye tsakanin injinan saƙa. Mahaifinsa kuwa, kakanmu, masaƙin hannu ne a wani ƙauye kusa da Zariya. To shi wannan kamfani na Whitehead, tushensa Rawtenstall ne, a kwarin Rossendale da ke yankin Lankasha, arewa da Manchesta.

Mijin ƙanwata ya raka ni tasha ya sa ni a bas mai lamba X43, mai hawa biyu. Na haye sama na kama kujerar gaba. Ba mu yi rabin awa ba birni ya ƙare, ƙasa ta fara tashi. Tuddai ne marasa itatuwa, an yanyanka su da katangun duwatsu da aka jera babu siminti, tumaki na kiwo babu makiyayi. Ƙarƙashin kowane tudu akwai kwari, cikin kwarin akwai rafi, a bakin rafin kuma sai ka hango dogon bututun hayaƙi a tsaye shi kaɗai, ko alamar hayaƙi babu. Yayyafi ake yi, irin wanda ba ya jiƙa mutum nan take amma ba ya ɗaukewa. Daga baya na gane wannan laimar tana cikin jarin mutanen nan: zaren auduga ba ya son busasshiyar iska. Baba ya sha faɗa mana cewa da hunturu ne zare ya fi tsinke musu, har sai an riƙa fesa ruwa a cikin iskar ɗakin saƙa. Su nan Allah ya ba su laimar kyauta, ya ƙara musu da ruwan rafi, da kwal a ƙarƙashin ƙasa, ga tashar jiragen ruwan Libaful a kusa.

Da na ce wa direba a Rawtenstall zan sauka, na karanta sunan yadda aka rubuta shi, sai ya maimaita mini yadda 'yan gari ke faɗa: Rotinstol.

Garin dutse ne gaba ɗayansa. Gidajen ma'aikata a jere suke manne da juna, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, layi bayan layi suna hawa tudu kamar matakala. Dutsen asalinsa ruwan ƙasa ne mai haske, amma hayaƙin kwal na shekara ɗari da wani abu ya mayar da shi baƙi, sai inda aka wanke ne kake ganin launinsa na ainihi. Na tsaya a ƙofar wani gida ina kallon dokin ƙofar. Tsakiyarsa ta lotsa kamar tsohon dutsen niƙa. Takalman katako masu ƙarfe a ƙasa ne suka cinye shi, irin waɗanda ma'aikatan masaƙa ke sawa a da. Tun kafin gari ya waye akwai mutumin da sana'arsa ke nan, ya bi layi da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogin sama yana tashin mutane, kowane gida na biyansa 'yan kwabbai a mako.

Ba nisa da tsakiyar gari akwai wani tsohon gida mai hawa uku na ƙarshen ƙarni na 18, wanda suke kira gidan masaƙa. Hawa biyun sama kusan duk taga ce, a jere daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kafin zuwan inji, a irin waɗannan ɗakunan ake saƙa ulu da hannu, kuma a ƙasar da rana ke rowar haske, taga ita ce rabin sana'a. Kakanmu bai taɓa buƙatar taga ba. A gindin ɗorawa yake zama, zarensa a miƙe ya yi nisa, an ɗaure shi da dutsen nan da masaƙa ke ce wa kunkuru, yana ja yana matsowa a hankali. Amma ƙoshiya ƙoshiya ce, a nan ko a can. Daga inda nake tsaye ina hango Ilex Mill, katafaren gini mai hawa biyar da Peter Whitehead ya gina a 1856. Yanzu gidajen zama ne, labule a kowace taga, motoci a ƙasa. Tsakanin gidan masaƙan hannu da wannan gini tafiyar 'yan mintuna ce.

'Yan Whitehead su uku ne, Thomas da David da Peter, kuma ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Mabiya ɗariƙar Methodist ne masu tsananin riƙo, suka gina masaƙu, suka gina wa ma'aikata gidaje da makaranta, suka zuba dukiya a coci. Sun kuma kasance cikin na farko da suka girka injin saƙa a kwarin. A watan Afrilu na 1826, lokacin da ladan saƙar hannu ya faɗi ƙasa warwas, yunwa ta shiga gidaje, sai dubban masaƙa suka gangaro daga tuddan nan da guduma. Cikin 'yan kwanaki suka farfasa injina sama da 1,000 a gabashin Lankasha, har da na masaƙar 'yan Whitehead. A Chatterton, can ƙasa da Rawtenstall, sojoji suka buɗe musu wuta, aka kashe mutum 6.

Na daɗe a tsaye ina juya wannan labari. Kakanmu bai fasa injin kowa ba. Akoko da alawayyo da atamfa suka cika kasuwa, ya ci gaba da saƙa fari da saƙi har idonsa ya gaza, cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaje shi. Babban ɗansa ya hau jirgin ƙasa ya tafi Kaduna neman aikin inji. Abin da ya faru a kwarin nan a 1826 shi ne ya iso gidanmu bayan shekara ɗari da talatin, kuma sunan da ya kawo shi Kaduna shi ne wanda nake karantawa a jikin garin nan. Ba zan ce ina jin haushin injin ba, da albashinsa aka biya mana kuɗin makaranta. Amma zuciyata tana tare da masu gudumar nan, domin na san irin mutanen da suke.

Na nemi inda babbar masaƙar Whitehead take. Wani dattijo mai kare ya nuna mini da sandarsa: katafaren kantin sayayya ne yanzu da filin ajiye motoci. Na ce masa mutanen nan sun kafa masaƙa a garinmu a Najeriya. Ya ce yana yaro akan ce an tura wane Afirka girka injina, amma bai taɓa haɗuwa da wanda ya zo daga can ɗin ba sai yau. Gaskiya ne sun bazu, har a Zimbabuwe akwai kamfanin yadi mai ɗauke da sunan David Whitehead. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Shi ne ya tura ni Bank Street, wani titi mai shimfiɗar duwatsu, inda shagon Fitzpatrick's yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne cike da kwalabe da tuluna, mashaya ce amma ba a taɓa sayar da giya a cikinta ba. A ƙarni na 19 giya ta yi wa ma'aikata ɓarna ƙwarai, albashin mako ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, sai masu wa'azin ƙaurace mata suka buɗe irin waɗannan wurare a duk faɗin Lankasha, inda mutum zai zauna da abokai ya sha jiƙon saiwoyi da ganyaye. Duk sun mutu, wannan ce ta rage daga cikin na asali. Na sha kofi ɗaya na abin da suke kira sarsaparilla, da ɗumi, baƙi ne mai zaƙi da ƙamshin saiwa. A duk zamana a Ingila ban shiga wurin da na sake jiki kamar nan ba.

Da rana na wuce Helmshore, ƙauyen da ke bayan tudu, inda aka mayar da masaƙu biyu gidan tarihi. A tsohuwar, ta ƙarshen ƙarni na 18, wata ƙatuwar ƙafa ce da ruwa ke juyawa, ita kuma tana ɗaga manyan gudumomin katako suna dukan yadin ulu har ya kama jikinsa ya yi kauri. Duk wanda ya taɓa wucewa ta mabuga a Kano zai gane sautin, sai dai nan rafi ne ke ɗaga tabarya. Kafin sabulu ya wadata, fitsarin da ya kwana biyu suke bi gida-gida suna saye don cire maiƙon ulun. A ta biyun an bar injinan kaɗi a inda suke tun ranar da aka daina aiki a 1978, kowanne da ɗaruruwan mazarai, yana tafiya gaba ya dawo baya a kan ƙafafun ƙarfe. Na tuna kakarmu da mazarinta guda ɗaya da ɗan allin da take shafawa a yatsa.

A nan ne tambayar da ke raina tun safe ta fito fili. Ƙasar nan ko ƙwayar auduga ɗaya ba ta fitarwa. Mafi yawan wadda ta gina waɗannan garuruwa bayi baƙar fata ne suka noma ta a kudancin Amurka, da bulala a bayansu. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, audugar ta yanke, masaƙu suka tsaya, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa abinci har zuwa 1865. Manyan 'yan kasuwar Libaful da yawa sun goyi bayan masu bayi. Amma a daren ƙarshe na 1862 ma'aikata suka taru a Manchesta suka aika wa Shugaba Lincoln saƙon goyon baya kan 'yanta bayi, alhali cikinsu babu komai, shi kuma ya amsa musu a watan Janairun 1863. Gunkinsa na nan a wani dandali a Manchesta, na je na gan shi daga baya. Tsoron kada irin wannan yunwa ta sake dawowa yana cikin abin da ya sa masu masaƙu suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902, suka zuba ido kan ƙasar Hausa. Ita ce ta kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da wasu garuruwa. Da dogo ya isa Kano a 1911 sun ɗauka auduga za ta yi ta kwarara, sai manoman Kano suka ba su mamaki: masaƙan gida sun fi Bature biyan kuɗi mai kyau, gyaɗa kuma ta fi riba, suka rungumi gyaɗa. Duk da haka audugar Katsina da Zazzau da Zamfara ta yi shekaru tana bin jirgi zuwa nan, ta dawo mana a matsayin yadi.

Washegari na sake hawa bas ɗin nan har Burnley, na canja wata zuwa Harle Syke, unguwar da ke can saman gari. Kafin yaƙin duniya na farko Burnley na da injinan saƙa kusan 100,000. A nan Queen Street Mill take, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1890 da kuɗin hannun jarin da mutanen unguwa suka haɗa, ta yi ta aiki da tururi har 1982, lokacin da kowa ya daɗe da komawa lantarki. Injin tururin yana nan, an goge tagullarsa tana ƙyalli, an raɗa masa suna Peace, wato zaman lafiya, bayan yaƙin duniya na farko.

Sai aka buɗe mana ƙofar ɗakin saƙa.

Warin ne ya fara tarbata, tun kafin idona ya saba: man inji da ƙurar auduga da danshin dutse. Warin rigar Baba ke nan idan ya rataye ta a ƙusa. Injina wajen 300 a jere, baƙaƙe, tsakanin layi da layi da ƙyar mutum ɗaya zai wuce a karkace. Rufin kamar haƙoran zarto, gilasansa na kallon arewa don hasken ya shigo babu zafin rana. Daga sama belolin fata sun sauko kan kowane inji. Abin da ake saƙawa a nan yadi ne mara rini, mara ado, wato akoko tsantsa.

Wadda ta zagaya da mu wata tsohuwa ce mai farin gashi, ta ce tana da shekara 15 ta fara saƙa, uwarta da kakarta duk masaƙa ne. Ta nuna mana yadda ake zura zare a ƙoshiya a da: sai an kai ta baki an zuƙo zaren ta 'yar ƙofar, sau ɗaruruwa a yini, ƙoshiyar nan kuma ta bi bakin mutum da yawa. Ta haka tarin fuka ya riƙa yawo, ban da ƙurar da ke taruwa a huhu. Mace ɗaya na kula da inji huɗu, daga baya aka ƙara, kuma gwargwadon yadin da ta fitar ake biyanta, in aka sami aibi a yanke mata. Ta ce mu toshe kunne, aka tayar da 'yan ƙalilan daga cikin injinan.

Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, ta tafin ƙafa take shiga ta hau ƙirji. Ƙoshiya na wucewa ido ba ya iya binta. Wannan fa 'yan ƙalilan ke nan, ina ga an tayar da ɗari uku, ina ga kusan dubu da ɗakin ya taɓa ɗauka. Ana cikin haka tsohuwar ta juyo gare ni daga nesa ta buɗe baki sosai tana motsa leɓɓa babu murya, tana haɗawa da hannu. Na gane abin da ta ce sarai: kana lafiya? Na ɗaga mata kai.

Da aka kashe injinan ta zo ta ce yawancin baƙi ba sa ganewa, ni ya aka yi? Ta ce su a nan suna kiran wannan magana mee-maw, da ita ake hira da gulma da neman aure daga wannan bango zuwa wancan. Na ce mata a gidanmu na koya. Baba ba ya sauraron mutum sai yana kallon bakinsa, kuma in zai yi magana sai ya ɗaga murya yana buɗe baki, har muna yara muka ɗauka faɗa yake yi. Inna ce kaɗai ta san sai ta zagayo gabansa kafin ta ce masa komai. Abokansa na aiki in sun zo gaisuwar Sallah, zaure ya cika da ihu, kowa na kallon leɓen ɗan'uwansa. Tsohuwar ta taɓa ɗan abin jin da ke maƙale a kunnenta ta ce duk haka suke. Ta tambaye ni ko yana raye, na ce yana nan. Ta ce in gaishe shi, in ce masa wata masaƙiya ce daga Burnley.

Na yi azahar a wani masallaci a cikin gari. Yawancin masallatan 'yan asalin Pakistan da Bangladesh ne, waɗanda aka ɗebo iyayensu a shekarun 1950 da 1960 don aikin dare, lokacin da 'yan gari suka fara gudun masaƙa. Wani dattijo a gefena ya ce ya zo da niyyar shekara biyar ya tara kuɗi ya koma, masaƙar ta rufe ta bar shi, yanzu jikokinsa da harshen Lankasha suke magana. Na san irinsa da yawa a Kakuri, 'yan Binuwai da Filato da Kogi da jiniya ta kira, ta yi shiru ta bar su da gidan haya da 'ya'ya.

Kada wani ya ɗauka aljanna na je na gani. Yadin Indiya da Japan da Hong Kong mai araha ya kashe masaƙun Lankasha kamar yadda na waje ya kashe namu, kuma Burnley ba ta gama farfaɗowa ba har yau. Na ga shaguna a rufe, na ga samari zaune da rana tsaka babu abin yi. Su kansu gidajen tarihin nan biyu an rufe su a 2016 saboda ƙarancin kuɗi, sai da mutane suka yi ta kai gwauro suna kai mari aka sake buɗewa a 2018. Amma dai an bar injin a inda yake, an bar wadda ta san shi tana nuna wa jikoki. Mu kuwa tun da aka fara kulle ƙofofi a 2002, ɗaya bayan ɗaya, yaron da aka haifa a Kakuri ya girma bai taɓa ganin cikin ɗakin saƙa ba. Katanga kawai ya sani da ciyawar da ta fi shi tsawo. Masu iya tayar da injinan suna nan a raye, suna zaune a kan benci a ƙofar gida, babu wanda ya taɓa zuwa da abin ɗaukar magana ya ce su ba shi labari. Ni kaina da na haye teku don in saurari wata tsohuwa, ban taɓa zama na tambayi Baba yadda aikinsa yake ba. Wannan ya tsaya mini a rai har na koma Manchesta.

Kafin in bar Burnley na sayi tsohuwar ƙoshiya a wani shagon kayan da, ta katako mai nauyi, bakinta biyu na ƙarfe, jikinta ya yi santsi saboda hannu. Ƙanwata ta naɗe mini ita a cikin zanen goyo don kada ta fashe a jaka.

Ranar da na isa Kakuri, bayan an ci abinci an gama tambayar jariri da mai jego, na zagaya gaban Baba na durƙusa na miƙa masa. Na isar da gaisuwar masaƙiyar Burnley, ina buɗe baki yadda zai gani. Ya ce yana amsawa. Ya auna ƙoshiyar a tafin hannu, ya ɗaga ta saitin ido ya duba ko ta karkace, sannan ya bi gefenta da babban yatsa a hankali, daga wannan baki zuwa wancan. Wajen tsakiya yatsan ya tsaya.

"Nan ta ɗan tsage," in ji shi, da muryar nan tasa da ake ji har waje. "In aka sa ta haka sai ta yi ta tsinka zare."

Ya ƙwala wa jikansa kira, ya ba shi kuɗi ya ce ya je wurin kafinta a bakin layi ya karɓo masa sanfefa mai laushi.